Dardumar "Saƙar Hannu" Da Ta Cika Falukan Sabo

Daga ƙaramar Sallah zuwa yau na shiga faluka sun fi goma a nan Sabo, wani barka, wani ta'aziyya, wani ɗaurin aure, kuma a fiye da rabinsu darduma iri ɗaya na taka. Kun san ta ai. Mai ruwan madara da ratsin zinare, da ƙaton fure a tsakiya, tana ƙyalli kamar an shafe ta da man kaɗe. Kafin ka gama tuɓe takalmi an riga an sanar da kai: "Saƙar hannu ce, daga Iran aka kawo ta." A wani gidan a ce Turkiyya, a wani a ce Dubai. Na yi ta yin shiru, don ba a shiga gidan mutum a sha ruwansa sannan a kushe masa shimfiɗa. To yanzu abin ya iso ƙofar gidanmu, shi ya sa na ɗauki biro.

Yayata ce ke haɗa kayan ɗakin 'yarta ta fari, biki bayan babbar Sallah. Kwasar adashinta ta shekara guda cur ta ware saboda wannan darduma, kuɗin da zai sayi keken ɗinki har a ba ka canji. Ta ce in raka ta, tunda ni ne na zauna gindin masaƙar Baba ina naɗa masa zare a kwarkwaro, kafin ya bar saƙa ya gangaro Ibadan fataucin goro. Ba shawarata take nema ba fa. So take in taya ta ciniki kawai.

Mai shagon, wanda ba zan kama sunansa ba don sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, ya warware mana ita a ƙasa, ya shafa ta da tafin hannu gaba da baya, launin yana sauyawa. "Hajiya, kin ga siliki. Wata shida mace ɗaya ta yi tana saƙa wannan." Na ce, "Alhaji, a juya mana bayanta." Ya dube ni, ya dubi Yaya, ya ce ai ba bayan ake shimfiɗawa ba. Na ce haka ne, amma ko babbar riga mutum zai saya yakan leƙa aikin ta ciki.

Ga abin da ake dubawa. Dardumar da aka yi da hannu, zaren tsaye ake fara kafawa a masaƙa. Mai saƙa ta riƙa ɗauko ulu tana ƙulla shi a kan zare biyu, ta yanke, ta ƙulla na gaba, har layi ya cika. Sai ta ratsa zaren kwance, ta daddanne da wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi, ta fara sabon layi. Saboda haka duk zanen da ke fuska yana nan sarai a baya, ƙulli bayan ƙulli, ana iya ƙirga su da ido. Kuma ba sa taɓa zama daidai wa daida. Wani ya ɗan fi wani ƙiba, wani layin ya ɗan karkace ranar da hannu ya gaji, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo da ɗan yatsa. Bayan ta shagon kuwa layuka ne miƙaƙƙu fes kamar takardar lissafi, ko'ina iri ɗaya, ga tauri kamar buhun masara. Sai geza. A dardumar hannu geza ba ado ba ce da ake ƙarawa daga baya, ƙarshen zaren tsaye ne da ya rage bayan an yanko ta daga masaƙa, in ka ja ta jikin dardumar kake ja. Ta shagon ɗinka mata aka yi kamar yadda tela ke kafa leshi a bakin zane, ga sawun keke nan ɓaro-ɓaro.

Na roƙi zare ɗaya daga gefe, na fita waje na ƙyasta masa ashana. Ulu da alharini in sun ƙone ƙaurin gashi suke yi, irin na babbakar kan rago ranar layya, su bar baƙar toka da ke murmushewa a yatsa. Wannan narkewa ya yi, ya dunƙule kamar ɗan tsakuwa, yana warin leda. Roba ce. Akwai kuma wani "silikin" da ke yawo, wanda ake yi da itacen da aka niƙa aka narkar a masana'anta, sunansa biskos. Shi kamar takarda yake cin wuta, kuma shi ya fi ban haushi a gida, don in ruwa ya zube masa sai wurin ya yi rawaya ya ƙandare, ba ya komawa yadda yake.

Ban ce Alhaji ya shirga mana ƙarya da gangan ba. Yadda ya tsura wa ɗan dunƙulen nan ido, na fi zaton shi ma haka dilan Legas ya gaya masa. Kuma mai yiwuwa ne sunan ƙasar ma gaskiya ne. Garin Kashan na Iran, wanda UNESCO ta sa saƙar dardumarsa cikin gadon duniya a 2010, shi ne kuma cike da masana'antun kafet na inji. A Turkiyya garin Gaziantep kusan ba shi da sana'ar da ta fi wannan, injuna ne ke fitar da kafet dare da rana ana lodi zuwa ƙasashe. Dubai kuwa kasuwa ce, ba masaƙa ba. Ke nan "daga Iran" magana ɗaya ce, "saƙar hannu" wata maganar daban, mu ne muka haɗe su.

Kafet na inji ba zunubi ba ne. Ni ma shi ne a ɗakina. Ƙorafina shi ne a kira shi da sunansa, a sayar da shi kuɗinsa. Amma tunda sharhi na zo yi, bari in ajiye maganar suna in dubi dardumar kanta, ko ta cancanci yabon da take sha.

Zanen aro ne daga tsofaffin dardumomin Farisa: ƙaton fure a tsakiya, kusurwa huɗu suna amsa masa, sai gefe mai rassa da ganyaye. Zane ne mai kyau a inda aka ƙirƙiro shi, domin can a ƙasa ake zama, a gefe-gefe, a jingina da matasai, a bar tsakiya fili ido ya huta a kai. Da a zauren kakanninmu aka shimfiɗa shi da ya dace, don su ma haka suke zama. Mu kuwa me muke yi? Mu kawo teburin gilashi mu kife a kan furen, mu jera kujerun nan masu kan sarauta a kan gefen. Furen ya ɓace, gefen ya ɓace, abin da ya rage wa ido shi ne filin nan mai ruwan madara. Wato ka biya kuɗin zane ka rufe shi, ka bar wurin da ya fi saurin kama datti a buɗe. A gidan da ake cin tuwo da miyar manja a ƙasa, ake ba yara zoɓo, ake shigowa da jar ƙasar Ibadan a tafin ƙafa, ruwan madara launi ne na mako biyun amarci. Ƙyallin ma da ake so, kyan ɗan maciji ne. Gashin roba in ƙafar kujera ta danne shi ya kwanta ke nan, ba ya tashi kamar na ulu, bayan wata shida za ki ga hanya ta fito daga ƙofa zuwa kujerar mai gida.

Sai babbar magana wadda ban ji kowa yana yi ba: kasko. Wace amarya ce ba ta turaren wuta? Garwashi ɗaya in ya faɗa kan ulu, wurin yakan ɗan babbake ya mutu da kansa, a kankare. In ya faɗa kan roba rami yake haƙawa nan take, baƙi, mai tauri, ba gyara. A gidaje biyu cikin waɗanda na shiga na ga an ɗora ƙaramar darduma a wani wuri da ba ta da dalilin zama, ban tambaya ba, na san abin da ke ƙarƙashi.

Da Alhaji ya ga ciniki zai watse, sai ya jawo wata daga lungu, mai kauri kamar katifa, ya ce to wannan fa ko a gaban alƙali saƙar hannu ce, ga takardar Indiya a jiki. Na juya. Ba ƙulli, ba zane, yadi ne fari aka lulluɓe bayan da shi. Irin wannan rabin gaskiya ce. A garuruwa irin su Bhadohi da Panipat na Indiya ana kafa yadi a katako, ma'aikaci ya riƙe wata na'ura mai kama da bindiga yana harba zare cikin yadin yana bin zanen da aka shata. Hannu ne ya riƙe bindigar, ba musu. Amma babu ƙulli ko ɗaya, gam ne ake shafawa a baya ya riƙe gashin, sannan a manna yadi a rufe gam ɗin. Aikin da zai ci watanni sai a gama shi cikin 'yan kwanaki. Sau da yawa ulun na gaske ne, tana da daɗin takawa, ba na hana ta wannan. Sai dai ranta a gam yake. In ya tsufa ya bushe sai ya riƙa zuba kamar garin alli a ƙarƙashi, gashi ya fara tsigewa, in kuma damina ta yi nisa ɗakin ya ɗauki wani wari kamar na tsohuwar taya. Ba a jiƙa ta a wanke, ba a gyara ta.

Don kada a ce ban taɓa ganin ta gaske ba nake surutu, akwai guda a nan unguwar, a zauren wani dattijo daga cikin tsofaffin masu saukar fataken shanu. Da yawanku kun zauna a kanta ba ku lura ba, don ba ta ƙyalli. A Makka ya saye ta wajen shekara hamsin da suka wuce, hannun wani alhajin Afganistan, lokacin da mahajjatan ƙasashen can kan zo da dardumomi su sayar su yi guzuri. Ja ce mai duhu kamar jinin kare, an jera mata wasu zane masu kusurwa takwas layi-layi, an zagaye kowanne da baƙin shuɗi. Masu sayarwa kan kira zanen sawun giwa, irin dardumar kuma su ce mata Bukhara, garin Imamul Bukhari, ba don a can ake saƙa ta ba, sai don kasuwar garin ce Turkumawa makiyaya kan kai ta. Irin wannan ce iyayenmu ke kira kilishi, ba na ci ba, na zaman sarakuna.

Na nemi izini na durƙusa na dube ta da kyau. Jan ba ɗaya ba ne. Daga wajen ƙofa ya fi haske, kusan taki uku sai ya yi duhu, can gaba ya sake buɗewa. Ba kuskure ba ne, ba kuma koɗewa ba. Ulun ne ba a tukunya ɗaya aka rina shi ba, in wanda ke hannu ya ƙare a rina wani, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin karofi a Ƙofar Mata ya san tsomi biyu ba sa fitowa ɗaya. Wannan ɗan bambancin shi ke sa jan ya yi zurfi, ido ya yi ta yawo a kai ba ya gajiya. Inji kuwa launi ɗaya yake ba ka daga farko har ƙarshe, ka kalla sau ɗaya ka gama. A layi na huɗu akwai sawun giwa ɗaya da ya fi 'yan uwansa matsewa, da alama mai saƙar ta ga wuri zai ƙare mata ta rage. Wurin da Baba Alhaji ke zama gashin ya cinye har ƙulli ya fito, amma zanen yana nan, don zanen ba a sama yake ba, shi ne jikin. Shekara hamsin ana taka ta da ƙafar fatake, an ci goro a kanta, an ƙirga kuɗin shanu, an ɗaura aure. Ba ta yi sabuwa ba, ba ta kuma yi muni ba.

Na ɗora ma'aunin tela a bayanta na ƙirga: ƙulli 4 a santimita ɗaya ta tsaye, 4 ta kwance, wato 16 a ɗan murabba'in da bai kai farcen babban yatsa ba. Ba ma ta cikin masu laushin aiki ba ce. Amma mu yi lissafi da ita. Dardumar falo mai mita 2 da mita 3, a wannan ƙirgar, ƙulli 960,000 ke nan. A ce mace tana ƙulla ɗaya duk daƙiƙa uku, awa takwas a rana, ba salla ba girki ba goyo, za ta yi 9,600 a yini. Kwana 100 cif, ban da kaɗin ulu da rini da wanki da aski. Yanzu ki ɗora kuɗin jirgi da kwastan da ribar dila da ta mai shago, a canjin da 'yan uwanmu na bakin titi suka fi kowa sani. In an ce miki ga ta sabuwa dal a kuɗin keken ɗinki, kuma akwai irinta sak guda ashirin a jingine a bango, lissafin ya riga ya ba ki amsa.

To ko da mutum yana da kuɗin ta gasken, ba kowa zan ce ya saya ba, kuma a nan ne na rabu da masu cewa a sayi mai tsada a huta. Nan ba Kano ba ce. A gida damina wata huɗu ce, sauran shekara iska a bushe take. A nan ruwa kan fara tun Maris ya kai Oktoba, kuma gidajen Sabo da yawa tsofaffi ne, unguwar tun 1916 take, daɓen siminti yana tsattsafo da laima daga ƙasa. Ulu yana shan danshi ya riƙe. Zaren tsayen, in na auduga ne, ruɓewa yake a hankali ba a sani ba, sai ranar da aka zo naɗewa a ji ya yi ƙaras. Asu kuma ba abin da yake so irin ulun da ke cikin duhu a ƙarƙashin kujerar da ba a taɓa matsarwa. Ta Baba Alhaji ta kai yau ne don ba ta taɓa kwana a kan siminti tsirara ba, kullum da tabarma a ƙarƙashinta, kuma duk ranar da rana ta buɗe yaransa kan fitar da ita su kife ta su kakkaɓe. Wadda ke son ta gaske ta sayi ƙarama, wadda mutum ɗaya zai iya naɗewa ya ɗauka, a ajiye ta inda ba kujerar da za ta hau. In an samu irin marar gashin nan da Turkawa ke kira kilim, mai fuska biyu kamar gwado, ta fi sauƙin shanya. A duba zanen kuma kafin a biya, wasu na Farisa akwai barewa da tsuntsaye da mahaya a ciki, falonmu kuwa in baƙi sun yi yawa nan ake tayar da salla.

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk wannan shi ne son da muke yi wa kalmar "saƙar hannu" alhali mun kori saƙar hannun da muke da ita daga falo. Tabarmar kaba fa? Hannu ne ya yanko kabar, hannu ya tsaga, hannu ya rina, hannu ya saƙa, babu dilan da zai ruɗe ka a kanta. Amma yau in amarya ta shimfiɗa ta a falo sai a koma gida ana cewa iyayenta ba su yi ƙoƙari ba. Maƙwabtanmu ma suna da tasu. Matan Ogotun a jihar Ekiti sun yi suna da tabarmar da suke saƙawa da karan tsiron nan da ake ƙunsa alala da ganyensa, santsi gare ta da sanyi, kuma a ƙasar ruwa aka haife ta, ta san laima. Ku je kasuwar Oje ku ga yadda Bayarabiya ke sayen ashoke: sai ta juya shi, ta ja zaren, ta bi haɗin ƙwarya-ƙwarya da yatsa kafin ta buɗe jaka. Mu jikokin masu gwado da luru da saƙi mun koma saye da kunne.

Ba na cewa tabarma ba ta da aibi. Ta yanzu rininta na gari ne, wata in ka goga mata jiƙaƙƙen farin ƙyalle sai ya fito kore ko ja, gobe ya koma jikin farar shaddar baƙo. A gwada kafin a saya, wannan gwajin ma har darduma ana yi wa. Ita ma tana yin fumfuna in an bar ta a jiƙe, tana kuma karyewa in an ninke ta maimakon a naɗe. Gwado kuwa ba don takawa aka yi shi ba, a kan tayil zamewa yake, zai iya kayar da tsohuwa. Wurinsa kan tabarma ko bayan doguwar kujera. Amma tabarma in ta mutu ka sayi wata ba ka yi kuka ba, ba kwasar adashin shekara ba ce.

A Micra ɗin da muka shiga zuwa gida Yaya ba ta ce mini uffan ba har Mokola. Can ta ce, "Kai ba ka san dangin miji ba ne. Ranar ganin ɗaki ba bayan darduma suke juyawa ba." Na ce gaskiya ne, Yaya, amma 'yarki ce za ta zauna da ita bayan sun tafi. Ta ce in rufe mata baki.

Bayan kwana uku ta aiko a kira ni. Ta koma shagon ita kaɗai. Ta sayi kafet na inji, ja mai duhu, gajeren gashi, ƙananan zane ko'ina ba fure a tsakiya, kuma Alhaji da bakinsa ya ce mata na inji ne, ya sallama a ƙasa da rabin kuɗin waccan. Ta ba da saƙon tabarmi biyu na kaba wajen direban da ke zuwa Kano, ɗaya ta ƙarƙashi, ɗaya ta cin abinci. Sauran kuɗin ta cika ta biya kafin alƙalamin keken ɗinki. Kaskon turare kuma ta ce a kan faranti za a riƙa ɗora shi a bakin ƙofa.

Da zan fita ta ce, "Ranar jere in wata ta tambaya ko saƙar hannu ce, ka ja bakinka ka yi shiru, ni zan ba ta amsa." Na ce ai maza ba sa zuwa jere. Ta ce ta sani, gaya mini dai take yi.